Kifaffiyar Ƙwarya: Wa Ya San Nufin Marubuci?

A watan Satumban 2024 na rubuta sharhin wani littafi, kuma har yau jimla guda da na saka a cikinsa tana yi mini nauyi. Littafin irin waɗanda muke kira littattafan yaƙi ne, masu sarakunan aljanu da takubban tsafi da biranen da ba su cikin taswirar kowa. Wani matashin malamin firamare ne ya rubuta shi, yana sakinsa babi-babi a WhatsApp har ya tara kuɗin bugawa. A tsakiyar labarin akwai wani birni da sarkinsa ya kulle rumbunan hatsi, ya damƙa mabuɗin a hannun wani baƙin aljani. Da yunwa ta kai mutanen birnin bango, sai suka taru a ƙofar fada, kowa ɗauke da ƙwarya a kife a kansa. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya jefi kowa. Haka suka tsaya tun hantsi har rana ta faɗi.

Na karanta wannan babi makonni kaɗan bayan zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a kwanaki goman farko na watan Agusta, lokacin hayaƙin abin bai gama washewa daga zukatanmu ba. Ina gama karantawa na ji tamkar na tsinci dami a kala. Na zauna na rubuta cewa marubucin ya ƙirƙiro kifaffiyar ƙwarya ne domin ya yi wa masu mulki hannunka-mai-sanda, ya kuma jinjina wa matasan da suka fito titi. Lambar wayarsa tana bayan littafin. Ban kira shi ba.

Shi ne ya kira ni bayan kwana uku.

"Yallaɓai, na gode ƙwarai da ka karanta littafina," in ji shi, bayan mun gaisa. "Amma fa ka rataya mini jakar tsaba. Jiya shugaban makarantarmu ya kira ni ofis, wani ya tura masa rubutunka. Tambayata ya yi ko ni ma ina cikin masu ɗinka tuta."

Wanda ya tuna waɗancan kwanaki ya san wannan tambaya ba ta raha ba ce. An ga tutar Rasha a hannun wasu masu zanga-zanga a Kano da Kaduna, an kuma kama teloli a kan ɗinka ta. Sai malamin ya faɗa mini abubuwa biyu da kira guda zai sanar da ni tun farko. Babin ƙwarya tun 2022 ya rubuta shi, shekara biyu kafin kowa ya fito titi. Ƙwaryar kuma ta mahaifiyarsa ce: a ƙauyensu, idan hatsi ya ƙare, takan kifa ƙwaryar awo a bakin rumbu domin mahaifinsu ya gani in ya dawo gona, ba sai ta furta a gaban yara ba.

Tun daga ranar nake bin diddigin tambaya guda: idan muka ga alama a cikin labarin al'ajabi ta yi kama da wata gwagwarmaya ta duniyar zahiri, da gangan marubucin ya sa ta, ko mu ne muka ɗauko ta daga kawunanmu muka liƙa masa? Abin da na samu shi ne amsar ba iri ɗaya ba ce, kuma bambancin da ke tsakanin amsoshin shi ne ainihin abin da ya kamata mai sharhi ya iya.

Wadda ta faɗa da bakinta

Akwai marubutan da ba su bar wa kowa aikin hasashe ba. Tomi Adeyemi, haifaffiyar Amurka wadda iyayenta Yarbawa ne daga Najeriya, ta fitar da Children of Blood and Bone a 2018. Labarin wata ƙasa ce da sarkinta ya karkashe masu baiwar sihiri, ya bar 'ya'yansu, waɗanda ake ganewa da farin gashi, cikin haraji da duka da wulaƙancin dakaru. A ƙarshen littafin marubuciyar ta saka bayani da hannunta, inda ta ce ta rubuta shi ne tana kallon labaran baƙar fata marasa makami da 'yan sanda ke harbewa a Amurka. Duk wanda ya ce wannan littafi yana da alaƙa da gwagwarmayar kare rayukan baƙar fata, yana da shaida a hannu. Mai magana ta ce da wa take.

Ko a nan ma akwai iyaka. Shaidar ta tabbatar da manufar littafin gaba ɗaya, ba ta ba ni lasisin cewa kowane takobi da kowane kogi a ciki yana wakiltar wani abu takamaimai ba.

Wanda ya musanta

J. R. R. Tolkien ya tsaya a ɗaya gefen. The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, kimanin shekara goma bayan an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima. Labari ne na wani zobe mai ƙarfin da ke lalata duk wanda ya riƙe shi, ko da kyakkyawar niyya ya ɗauka. Masu karatu da yawa suka ce ai zoben nan bam ne, yaƙin kuma Yaƙin Duniya na Biyu. Abin ya dame shi har ya mayar da martani a gabatarwar bugu na biyu, a tsakiyar shekarun 1960. Ya nuna cewa ya fara rubutun tun 1937, kuma babin da ya bayyana asalin zoben yana cikin waɗanda ya fara rubutawa, tun yaƙin bai ɓarke ba. Ya ƙara da wata hujja mai kaifi: da a ce yaƙin gaske yake kwaikwayo, da a cikin labarin an yi amfani da zoben a kan maƙiyi maimakon a hallaka shi, tunda abin da aka yi da bam ɗin ke nan.

A wannan gabatarwa ya raba abubuwa biyu da mutane ke gwamutsawa. Akwai labarin da marubuci ya ɗaure kowace alama da ma'ana guda, ya tilasta wa mai karatu ita, kuma ya ce shi ba ya son irin wannan. Akwai kuma labarin da ke dacewa da halin da mai karatu yake ciki, wanda 'yancin mai karatun ne ya ga dacewar.

Duk da haka Tolkien bai ce rayuwarsa ba ta shiga littafin ba. Ya yi yaƙin Somme a Faransa a 1916, kuma ya faɗa cewa kafin 1918 dukkan aminansa na kusa sun mutu, ban da guda. A wata wasiƙa ta 1960 ya amsa cewa fadamar matattu da ke cikin labarin, inda ake hango fuskokin gawawwaki a ƙarƙashin ruwa, ta samo wani abu daga arewacin Faransa bayan wancan yaƙi. Ƙauyen Sarehole da ya yi ƙuruciya a ciki, birnin Birmingham ya haɗiye shi yana ji yana gani, kuma mai karatu zai ji ɗacin wannan a wurin da aka sare itatuwan ƙasar jaruman aka kafa injin mai hayaƙi. Wannan shi ne matsayin malamina na firamare. Yunwar da ke cikin babinsa ta gaske ce, a gidansu ya san ta. Abin da babu shi ne saƙon da na ce ya aika wa wasu mutane a kan wani al'amari na wata rana.

Abin da ya faru da littafin Tolkien daga baya ya ƙara tabbatar da rabon da ya yi. A shekarun 1960 matasan Amurka masu adawa da yaƙin Biyetnam suka rungume shi a matsayin nasu. A 1977 kuma matasan masu ra'ayin riƙau na Italiya suka fara shirya sansanonin da suka raɗa wa sunan ƙananan mutanen labarin, kuma Giorgia Meloni, wadda ta zama firaminista a 2022, ba ta ɓoye ƙaunarta ga littafin ba. Ɓangarori biyu da ba sa ga maciji da juna, kowanne ya duba littafi ɗaya ya ga fuskarsa. Ba zai yiwu a ce duka biyun marubucin yake nufi ba.

Wanda aka yi wa magana bayan ya mutu

Misalin da ya fi kama da laifina shi ne na The Wonderful Wizard of Oz, wanda L. Frank Baum ya fitar a 1900. A gabatarwarsa ya ce don faranta wa yara rai kawai ya rubuta shi. Ya rasu a 1919. Sai a 1964 wani malamin sakandare mai suna Henry Littlefield ya buga maƙala yana cewa labarin hoto ne na gwagwarmayar manoman Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda bashi ya yi wa katutu, suke neman a riƙa buga kuɗi da azurfa tare da zinariya domin kuɗi su yawaita a hannun jama'a. A fassararsa, hanyar nan ta bulo mai ruwan ɗorawa ita ce zinariya, takalman azurfa na yarinyar su ne mafita, mutum-mutumin gona shi ne manomi, mutumin kwano shi ne leburan masana'anta, matsoracin zaki kuma William Jennings Bryan, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1896.

Komai ya zauna daram, kamar an auna. Fassarar ta shiga azuzuwan tarihi da na tattalin arziki, har mutane suka riƙa faɗin ta a matsayin abin da Baum ya nufa. Daga baya Littlefield da kansa ya amsa cewa ba shi da hujjar cewa marubucin ya yi haka da gangan, dabara ce ta sa ɗalibai su riƙe darasin tarihi. Darasin da na ɗauka a nan ya yi mini ciwo: kyan fassara ba ya zama shaidar niyya. Mai kaifin basira zai iya auna kowane labari da kowace siyasa ya ga sun yi daidai, musamman in shi ne ke zaɓen abin da zai auna da abin da zai bari.

Alamar da ta bar gida

Akwai kuma hanyar da ruwan ke gangarowa ta baya, wato daga littafi zuwa titi. Suzanne Collins ta fitar da The Hunger Games a 2008. Ta ce tunanin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshin talabijin tsakanin wata gasar nishaɗi da hotunan yaƙin Iraƙi, har biyun suka fara gauraya a idonta. A cikin labarin, mutanen wata gunduma matalauciya suna da al'adar ɗaga yatsu uku na tsakiya a matsayin godiya da ban-kwana da wanda ake ƙauna, galibi a wajen jana'iza. Sannu a hankali alamar ta zama ta tawaye a cikin labarin.

A ranar 22 ga Mayun 2014 sojoji suka kifar da gwamnati a Tailan, suka hana taron siyasa. Masu adawa suka ari yatsun nan uku, saboda alama ce da ba ta buƙatar kwali ko lasifika, kuma ana iya sauke hannu kafin soja ya iso. A watan Nuwamban shekarar aka tsare ɗalibai biyar da suka ɗaga ta a gaban Janar Prayut Chan-o-cha yana jawabi a Khon Kaen. Bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021 a Myanmar, alamar ta cika titunan Yangon, har jakadan ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya, Kyaw Moe Tun, ya ɗaga ta a zauren majalisar bayan ya yi tir da sojojin, su kuma suka sanar da korarsa washegari. A 2025 an sake ganin irin haka da tutar 'yan fashin teku mai ƙoƙon kai da malfa ta labarin zane na Japan, One Piece, wanda Eiichiro Oda yake fitarwa tun 1997: ta bayyana a hannun matasa a Indunusiya, sannan a Nepal da Madagaska.

Collins ba ta san da juyin mulkin Tailan ba lokacin da take rubutu, domin bai faru ba tukuna. Amma ba za a ce ɗaliban sun yi wa littafin mummunar fahimta ba, tunda labarin zalunci da turjiya ne. Ma'anar ta ƙaru ne a hannunsu, kuma su suka biya kuɗinta da jikinsu. A ajin koyon aikin jarida an karantar da mu ra'ayin Stuart Hall na 1973, cewa saƙon da mai aikawa ya ƙulla ba lallai shi ne wanda mai karɓa zai kwance ba. Na rubuta shi a jarrabawa na ci maki, ranar da na buƙace shi kuma na manta.

Mu da muka gaji habaici

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ba sai na je Tailan ko Ingila zan koyi wannan ba. Bahaushe ya daɗe da sanin maganar da ke da ƙofa biyu. Muna cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wato mun yarda akwai niyya ko da ba a kama suna ba. Muna kuma cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, wato mun yarda mai sauraro yakan ji abin da zuciyarsa ta riga ta ɗauko. Karin maganar nan biyu ba sa karo da juna. Tsakaninsu habaici yake rayuwa. Matar da ke waƙar niƙa tana gugar kishiya, ko maroƙin da ke zambo a gaban fada, kariyarsu ita ce ba su ambaci kowa ba. In aka tsare su, suna da hanyar fita. Wanda ya miƙe a tsakiyar taro ya ce ai da wane take, shi ne ya toshe mata wannan hanya.

Adabinmu na zamani ma da wannan ya fara. Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 akwai Gandoki na Bello Kagara. Kashin farko na labarin jarumi ne da ke gwabzawa da sojojin Turawa a lokacin da suke cin ƙasar nan. Bayan an sha kaye, sai labarin ya tsallaka da shi ƙasashen aljanu, inda takobinsa ke ci ba mai tare shi. Mai karatu zai iya cewa marubucin ya rama wa mutanensa ne a duniyar mafarki abin da bindiga ta ƙwace musu a zahiri. Fassara ce mai ma'ana, ni ma na karkata gare ta. Amma ofishin gwamnatin mulkin mallaka ne ya buga littafin, aka kuma karanta shi a makarantunta. In har akwai habaici a ciki, ya tsira ne saboda ba wanda ya iya ɗaure marubucin da shi.

A nan na gane girman abin da na yi. Ko da a ce malamin ya yi nufin abin da na ce, ba ni da hurumin bayyana shi a madadinsa. In bai nufa ba, na yi masa ƙage. In ya nufa, na tona masa asiri. Ta kowace fuska shi ne zai shiga ofishin shugaban makaranta, ni kuwa ina zaune ina ƙirga waɗanda suka yaba sharhina.

Abin da ya sauya

Ban daina ganin siyasa a cikin labaran aljanu ba, kuma ba na ganin ya kamata kowa ya daina. Labarin da ba ya taɓa halin da mai karatu yake ciki ba ya daɗewa a hannu. Abin da na sauya ƙaramin abu ne a nahawu. Kalmar "domin" ce ta jawo komai: ya ƙirƙiro ƙwarya domin kaza. Wannan kalma iƙirari ce a kan abin da ke cikin zuciyar wani, kuma ɗan jarida ba ya yin irin wannan iƙirari sai da shaida, kamar yadda ba zai ce wane ya saci kuɗi ba don kawai ya ga ya sayi mota. Yanzu kafin na rubuta ta nakan duba shekarar da aka yi rubutun, na nemi abin da marubucin ya faɗa da kansa, in yana raye kuma na kira shi. In ban samu komai ba, sai na ɗauki nauyin fassarar a wuyana, na ce ni ne na karanta na tuna da kaza. Jimlar takan rage armashi, amma in an zo neman mai ita, ni za a tarar.

Na buga gyara a mako na gaba, na bayyana shekarar da aka rubuta babin, na kuma ce fassarar tawa ce. Kamar yadda aka saba, waɗanda suka karanta gyaran ba su kai waɗanda suka karanta kuskuren ba. Malamin bai rasa aikinsa ba, alhamdu lillahi, amma ya ce ya yi wata biyu bai saki sabon babi ba, kuma da ya dawo sai da ya riƙa duba kowane sarki da kowane rumbu sau biyu. Wannan ɗari-ɗari ni na saka masa shi, kuma gyara ba ya cire shi.

Kwanakin baya mun haɗu a wajen wani taron marubuta. Na tambaye shi ko zai cire babin in zai sake buga littafin. Ya ce a'a. Ya ce da ya je gida hutu ya karanta wa mahaifiyarsa babin, ya kuma ba ta labarin duk abin da ya biyo baya, har da kiran da aka yi masa ofis. Ta saurara har ya gama, sannan ta yi dariya.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ni dai da babanku nake."